Yaron da Yaya Sale ya kama a Saliyo

Shekara takwas ke nan da muka binne Yaya Sale, amma duk sanda rediyo ya ɗauko zancen gurfanar da yaran da aka saka yaƙi a gaban kotun duniya, sai in ji kamar yana zaune a ƙofar gidanmu a Tunga, ya yi tagumi.

Wana ne, soja. Ya je aikin kwantar da tarzoma a Saliyo tare da amininsa Ndagi, Banufe ɗan Shango. Yaya ya dawo, Ndagi bai dawo ba. Wanda ya harbe shi yaro ne, kuma Yaya da hannunsa ya kama shi.

Sau ɗaya ya ba ni labarin. Suna tsare da yaron a gindin bishiya, wani ƙadangare ya fito. Nan take yaron ya rufe baki da tafi biyu. Ashe famfara yake yi, yana tsoron kada ƙadangare ya ga giɓin, haƙori ya ƙi fitowa, yadda mu ma aka tsorata mu muna ƙanana. Yaya ya ce tun daga ranar barci ya ƙaurace masa.

Ni na raka shi ta'aziyya Shango. Mahaifiyar Ndagi ta tambaya ko an hukunta wanda ya kashe ɗanta.

"Mama, yaro ne," in ji Yaya. "Haƙoransa ma ba su gama fitowa ba."

Sai ta ce, "To ni wa zan kai ƙara?"

Daga baya kotun da aka kafa a can ta ce manyan da suka ɗora wa yara bindiga za ta tuhuma, ba yaran ba. Da Yaya yana nan, na san zai ce daidai ne, don bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne, kuma mai laifi shi ne wanda ya ja shi ya kai shi. Amma na san ba zai iya zuwa Shango ya faɗa wa tsohuwar haka ba. Ni ma ban iya ba, ga shi har yanzu tana raye.

Ba gida ya bar mana ba, ba gona. Wannan tambayar ta mahaifiyar Ndagi ya bari. Jiya ɗana Sale, mai sunansa, ya hango ƙadangare a kan katanga, ya rufe baki. Kowa a gidan ya yi dariya. Ni na tashi na shige ɗaki.