Tunkiya Mai Bututu a Ciki

A Salaga na ɗauko kurkunu, amma a Yendi ya fito mini. An kai ni hutun makaranta gidan gwaggona da ke Salaga ne lokacin da rijiyoyin unguwarsu suka ƙafe, kowa ruwan tafki yake sha. Ban san na haɗiyi komai ba sai da shekara ta zagayo, idon sawuna na hagu ya kumbura, ƙurji ya fito mai zafi kamar an ɗora garwashi. Da ya fashe sai ga kan tsutsar, fari, siriri kamar zare. Wajen ƙarshen shekarun tamanin ke nan, ina aji biyar.

Baba ne yake naɗe mini ita a tsinken ashana kowace safiya bayan ya dawo masallaci. Yakan riƙe ƙafar gam, ya ja kaɗan, ya ɗaure da tsumma. In na yi ihu sai ya ce, “Cije, uwata. Kowa da haka ya warke.” Uwata yake ce mini saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Daga nan ya wanke hannu, ya hau keke, ya tafi aiki.

Aikinsa a wani ƙaramin gidan gona ne na bincike a bayan gari, inda ake gwada irin abincin da ya fi karɓar tumaki da rani. Ban taɓa zuwa wurin ba sai da Mma, mahaifiyata, ta tafi Bawku saro albasa. Babu mai zama da ni a gida, don haka Baba ya ɗora ni a bayan keke, ya kai ni, ya shimfiɗa mini tabarma a gindin dogonyaro, daf da garke.

A nan na gan ta. Gajeruwar tunkiya ce, fara mai baƙin kai, an aske gefen cikinta. Likitan dabbobi, wani mutumin kudu mai farin gilashi, ya huda ta ya sa bututun roba mai murfi, don a riƙa ɗebo abin da ta ci ana dubawa. Aikin sabo ne, ɗinkin bai ma bushe ba. Likitan yakan zo ya duba ya koma, sauran kulawa ta Baba ce.

Ina kwance na ga Baba ya shiga garken a hankali, kamar mai shiga ɗakin mai jego. Ya tsuguna a gabanta, yana shafa wuyanta.

“Sannu, yarinya,” in ji shi. “Yaya jikin? Sannu.”

Ban taɓa jin wannan muryar a bakinsa ba. Shi da maigadi suka sa ta cikin wani buhu mai ramuka huɗu na ƙafafu, suka rataye a sikeli. Baba ya karanta nauyin, ya ɗauko ƙaramar kwalba, ya zuƙo ruwan magani a sirinji yana ɗaga shi sama yana duba layukan. Ya rage ɗigo, ya sake dubawa. Da ya soka mata allurar sai da ya murza wurin da babban yatsa, ya jima yana murzawa.

“Baba, maganin mene ne?”

“Na rage zafi. An yanka mata ciki.”

“Ni ma a yi mini.”

Ya yi dariya. “Wannan ba na mutane ba ne.”

“Ai ita ciwo, ni ma ciwo.”

“Ke kina da baki, uwata. In ya dame ki sai ki faɗa. Ita fa?”

Na so in ce kullum ina faɗa, amma ya riga ya shiga bayani, don Baba yana son a tambaye shi aikinsa. Ya ce da nauyinta ake auna maganin, likita ne ya tsara yadda za a ba ta. In ya yi kaɗan wahalar banza ce, in ya yi yawa cikinta ya mutu, ta daina tuƙa. Ya ce tunkiya ɓoye ciwo take yi, sai mai lura yake ganewa: za ta ware kanta daga ’yan uwa, kunnuwa su faɗi, ta ƙi abinci, ta riƙa cizon haƙora. Yana magana yana kallonta. Ni kuwa ƙafata tana zugi, ƙudaje suna bin tsumman, na tsani tunkiyar nan har cikin raina. Ganyen gyaɗa mai laushi ake zaɓo mata. Ruwan shanta ma sai an tace.

Washegari na daina magana. Da Baba ya ja tsutsar na danne ihun, hawaye kawai suka zubo. Ya ce, “Yauwa, kin girma.” A gidan gona na janye tabarmata can nesa da garke, na juya baya. Ya sayo mini koko da ƙosai, na ƙi taɓawa. Duk lokacin da ya gifta sai in riƙa goga haƙorana da ƙarfi yadda zai ji. Ya wuce da bokiti, ya dawo da harawa, bai tsaya ba. Maigadin ne ya tambaye ni ko sanyi nake ji. Da rana yunwa ta ci ƙarfina, na cinye ƙosan a ɓoye, na zubar da kokon.

Haka na yi ta yi har Mma ta dawo daga Bawku tana warin albasa. Kallo ɗaya ta yi mini ta ja ni ɗaki. Ban daɗe ina musu ba, na faɗa mata komai ina kuka. Ta fara dariya, sai kuma ta bari. Ta fita tsakar gida inda Baba yake gyara sarƙar keke.

“Malam, ’yarka ta rame, ba ka gani ba?”

“Ciwon ne. Ai ma ta daina kuka.”

“Ta daina ne don ka dube ta yadda kake duban tunkiyarka.”

Na leƙa ta labule. Baba ya ci gaba da juya fedar keken da hannu, tayar baya tana ta zagayawa.

Da safe ya sake ɗaukar ni zuwa gidan gona, ko da yake Mma tana gida. Ya wanke buhun sikelin, ya ce in zauna ciki. Maigadi yana ta ƙyaƙyata dariya, ni ina lilo a sama, ƙafar ciwon a miƙe. Baba ya karanta nauyina da fuska a ɗaure. Daga can muka wuce asibiti, ya faɗa wa mai ba da magani nauyin, aka ba mu fararen ƙwayoyi, aka ce a riƙa raba su biyu. Da wuƙar aljihunsa yake raba mini, ya ba ni kafin ya taɓa tsutsar. Zafin ya ɗan lafa, ba sosai ba. Ya kuma koyi cewa “sannu” in zai ja, sai dai da muryarsa ta kullum yake faɗa, ba waccan ta garke ba. Na lura da bambancin, kuma ya ci mini rai.

Tsutsar ta gama fita ba ta tsinke ba. Na koma makaranta ina ɗingishi. Ba a jima ba aka kammala gwajin, aka ce za a kai tumakin wani gidan gona a wajen Bawku. Murna ta hana ni zama ranar da na ji. Amma Baba ya ce bai yarda da direban ba, hanyar duk ramuka ce, bututun zai iya gocewa. Ya hau bayan lorin ya tafi da su.

Ran da ya dawo, jajur da ƙurar hanya, Mma ta yi tuwo da miyar ayoyo, muka zauna ci. Ta tambaye shi hanya. Ya ce alhamdulillahi, a cinyarsa ya riƙe kan tunkiyar har suka isa, da aka sauke ta kuma nan take ta fara cin ciyawa. Ya ce yaran can ba su da hannu mai taushi, sai da ya tsaya ya nuna musu yadda ake rataye ta. Yana cikin ba da labarin yadda ta biyo shi har bakin ƙofa na ɗauki kwanona na tafi ɗakin maƙwabciyarmu na ƙarasa ci a can.