Baba Kolo, Mai Hana Mukulli

Da an idar da sallar asuba, Baba Kolo Bakanike zai shimfiɗa tsohon buhunsa a garejinsa da ke Haɗeja, bakin hanyar Auyo, ya kurɓi kunu, ya jira mota. Famfon mai ne fanninsa tun gashinsa yana baƙi. Ƙarshen watan nan zai ajiye sifana, ciwon baya ya matsa masa. Shi ya sa na ce bari in yabe shi tun yana ji da kunnensa.

Dattijon nan yana da wata ɗabi'a mai ban haushi. Ya gama gyara, ka miƙa hannu, ba zai ba ka mukulli ba. Sai ya rage man tanki, ya tuƙa motar a kan hanyar da kake bi zuwa gida. Ni kaina na sha yi masa tsaki a zuci.

Ƙanena Bakari, manomin shinkafa a wani ƙauye bayan Auyo, ya sayo wata tsohuwar jar mota mai ƙofa biyu, irin ta masu tsere. Muka yi ta yi masa tsiya: ina manomi ina wannan? Amma ita kaɗai ce mota a ƙauyen. Ga matarsa Adila da tsohon ciki, an ce lallai a asibitin Haɗeja za ta haihu, don na fari bai zo da rai ba.

Motar kuwa, kullum ta zo wata kwana da ke gindin tsamiya a kan jingar da ke tare ruwa, sai ta yi tari ta mutu. Nan fa aka ce wurin da masu shi. Har laya aka rataya mata a madubi.

Da Bakari ya kai masa motar, Baba Kolo bai yi wa kowa dariya ba.

"Ɗana, galan guda kake zuba mata kullum, ko?"

"Haka ne, Baba."

"To, ƙishirwa ce. In ta karkata a kwana, man ya gudu gefe, famfo ya zuƙi iska."

Ya sa aka kawo sabon famfo daga Kano, ba na kamfanin motar ba, mai ɗan kofi da ke riƙe masa mai. Ya ɗaura. A gareji sai gurnani take, lafiya lau. Bakari ya miƙa hannu.

"Tukuna," in ji Baba.

Suka je tsamiya, ta sake shaƙewa! Ashe wani tiyo ne ya lanƙwashe a cikin tanki. Ya koma ya sake sauke tankin, yana nishi saboda bayan nan. A karo na biyu ta wuce sumul.

Ranar da naƙuda ta taso, da hantsi, ruwa ya shafe hanyar ƙasa, jingar nan kaɗai ta rage. Bakari ya ce da suka doshi kwanar, ko addu'a ya kasa haɗawa. Motar ta wuce.

Baba, kai ne wanda bai yarda da kukan inji a inuwar gareji ba. Sannu, mai hana mukulli! Da ka biye wa gaggawarmu a ranar gyaran, Allah kaɗai Ya san abin da za mu tarar a gindin tsamiyar nan. Mun gode, Allah Ya ba ka lafiya, Ya saka da Aljanna.

Ku kuma masu sana'a, ku ɗauka: ku bi aikinku har inda mai shi zai kai shi.

Bakari ya ce ranar da za ka rufe gareji zai kawo maka Amira, 'yar da Adila ta haifa a ranar nan, ta gaishe ka. Ta fara tafiya, Baba. Ta kwanar tsamiya za su biyo.