Kawu Sale da Kurar Kaka

Shekara biyar ke nan da rasuwar Kawu Sale, kuma har yau in na ji warin tawada sai na waiga, ko zan ga tumbinsa ya riga shi shigowa zaure.

Ƙanen babana ne, mai ƴar maɗaba'a a Kurmin Mashi, inda yake jera haruffan dalma da hannu. Da idon Kaka ya fara dushewa, ya rantse sai ta ga tatsuniyoyinta a littafi kafin duhu ya rufe. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, sai ya tara runduna. Ɗan Katsina mai sayar da kaset ya naɗi muryarta. Anti Binta, ma'aikaciyar banki a Malali, ta ce za ta buga a kwamfutarta. Wani mai zanen bayan manyan motoci a Hayin Banki ya karɓi zanen hotuna. Ni kuma na karɓi aikin cin ƙosan baƙi.

Ranar da aiki ya kusa ƙarewa, Anti ta tashi yin alwala ba ta adana aikin a kwamfutar ba. Kawu, da ya saba harafi yana zama inda aka ajiye shi ko da shekara dubu, ya kashe wa kwamfutar wuta don ta huta. Rabin littafin ya bi iska. Ihun Anti, na rantse, har ƴan ƙetaren kogi sun ji.

“Binta, wace irin ma'aikaciya ce kwamfutar nan,” in ji shi, “da ba a yi mata saɓo ba ta yi yaji?”

Kaset ɗin ne ya cece mu. Aka sake bugawa, Kawu na zaune nesa da soket bisa umarnin kowa.

Littafin ya fito idon Kaka da saura. Ta kai shi dab da hancinta, ta daɗe tana duban kurar da mai zane ya yi, ta ce tumbin nan ta san mai shi.

Yau shagunan kwamfuta sun cika Kaduna. Da Kawu zai leƙo, na san zai yi murna, kuma za su ɓoye masa soket. Allah ya jiƙansa. Maɗaba'ar ta koma shagon tela, amma rundunarsa na haɗuwa a zaurenmu duk Juma'a, kurar kuma na nan a shafi na farko, tumbinta ko kaɗan bai ragu ba.