Tulun da Yaya Sahabi ya bar mini

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Sahabi, malamin dabbobi a Bodinga, kuma har yau ban sauke amanar da ya ɗora mini ba.

Mahaifinmu yana da wani farin bijimi da ake kawo wa shanu barbara tun daga Lambara. Kafin bijimin ya mutu, Yaya ya sa aka ɗebi irinsa, aka daskarar a cikin 'yan tsinkayen roba masu rami, aka adana a tulun ƙarfe mai wani ruwan sanyi na musamman da sai a Sakkwato ake samunsa. Idan ruwan ya ƙafe, irin ya mutu. Yaya yana jinyar ajali ya ce in riƙa kai tulun Sakkwato ana cika shi a kan lokaci.

Mutum ne mai taurin kai wajen aiki. Zai narkar da tsinke, ya leƙa a madubin likita, ya ga ƙwayoyi na ta wutsil-wutsil, amma ba zai ce suna da kyau ba sai ya sha shayi ya sake leƙawa. A ganinsa motsin farko ruɗi ne. Ina tunanin abin da zai ce da na'urorin yanzu masu fitar da sakamako kafin ka zauna. Na tabbata tsaki zai ja.

Wata damina noma ya riƙe ni a Horo Birni, na makara kwana tara. Na tarar da ruwan ya kusa ƙarewa. Na kai aka cika, na ja bakina na yi shiru. Shekara huɗu abin yana cina.

Watan jiya 'yarsa Asma'u, wadda ta gaji aikinsa, ta narkar da tsinke ɗaya cikin ukun da suka rage. Ta daɗe a kan madubin. Na kasa daurewa, na faɗa mata komai.

"Baffa, mahi yawa sun mutu," in ji ta. "Amma akwai masu tahiya sosai. Ko daɗewa ta, ko makararka, wanga madubi bai hwaɗi."

Na so ta ce ba laifina ba ne. Ba ta ce ba, domin ba ta sani ba, kuma a nan na ga ubanta tsaye. Wannan gaskiyar tasa ba ta bi shi kabari ba.

Mun sa wa saniyarmu tsinke na biyu, muna jira. Na ukun Asma'u ta ce in ci gaba da riƙewa. Allah ya jiƙanka, Yaya. Gobe da safe zan kai tulun Sakkwato.