Sakiyar da aka yi wa maigidana

Edita, ina gaisuwa. Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin in rubuto, don ko yanzu in na tuna sai takaici ya kama ni. Lokacin da aka ƙirƙiro Jigawa ni malamar firamare ce a Dutse, muna haya a Yalwawa da yaranmu. Maigidana direba ne a sakatariya, amma ɗan ruga ne ta wajen Ringim, cikin shanu da karnukan gadi ya tashi. Mutum ne mai sanyin hali, kuma duk abin da yayansa ya faɗa ya zauna, don shi ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu.

Ciwon ya fara ne da nauyi a ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama. Ya ci loma kaɗan ya ce ya ƙoshi. Aka sha maganin olsa, aka sha na taifot, aka koma na shawara, har na gaji da jiƙa sassaƙe. Kowane kemis da abin da zai ce, wurin kuwa sai ƙara tasowa yake har ana gani ta cikin riga. Da ƙyar na lallaɓa shi muka je Kano aka yi hoton ciki. Likita ya nuna mana wata jaka cike da ruwa a jikin hantarsa. Ya ce asalinta ƙwan wata tsutsa ce da ke zama a hanjin kare. Ƙwan yana fita cikin kashin kare, ya shiga ruwan sha ko ya manne a ganye ko a hannu, mutum ya haɗiye bai sani ba, abin ya yi ta girma shekara da shekaru. Ya rubuta ƙwayoyi ya ce a sha na wasu makonni, sannan a yi aiki a cire jakar ɗungurungum. Ya maimaita yana kallona cewa kada a kuskura a huda ta, don ruwan cikinta in ya zube a ciki yana iya kashe mutum nan take, in bai kashe ba kuma ya haifar da wasu jakunkunan.

Wallahi da murna na dawo gida, tunda dai an gano ciwon kuma yana da magani. Sai Yaya ya zo dubiya. Ina cikin bayani, yana jin an ambaci kare, fuskarsa ta sauya. Ya ce likitan nan zaginsu ya yi. Su da ko ƙwarya kare ya lasa sai an wanke ta da ƙasa, su za a ce ƙazantar kare ta shiga cikinsu? Ya ce wannan ƙurji ne ya nuna ta ciki, sakiya kawai yake buƙata, a gasa ƙarfe a huda mugunya ta fita, kuma wanzaminsu ya yi wa mutane ba iyaka. Na yi ta ƙoƙarin nuna masa ba zagi ba ne, sai ya katse ni ya ce, "Malama, ki tsaya a ajinki. Wannan ƙanena ne." Na dubi maigidana ko zai buɗe baki, ya sunkuyar da kai.

Bayan 'yan kwanaki aka aiko wai mahaifiyarsa tana son ganinsa. Na so in bi shi, amma muna tsakiyar jarrabawa. Na sa masa ƙwayoyinsa a aljihu, na roƙe shi da girman Allah kada ya bari a taɓa wurin, ya yi mini alkawari. Ina aji aka zo aka kira ni, an kai shi asibiti rai a hannun Allah. Ashe sun yi sakiyar. Suna jiran mugunya, sai ga ruwa garai-garai kamar na randa. Kafin su goge, jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu, leɓɓansa suka kumbura, numfashi ya sarƙe, ya sume. A amalanke aka kai shi bakin titi. Likitoci sun yi ta fama har ya farfaɗo. Da ya buɗe ido na kasa ko ce masa sannu don haushi. Shi ya fara magana, ya ce ba zai iya ce wa Yaya a'a a gaban Inna ba.

Da muka koma Kano likita ya ga tabon, ya ajiye bironsa. Ya ce za a yi aiki, amma yanzu ba ya iya yi mana alkawarin komai. Aka yi, muka ɗan samu sauƙi, har ya koma tuƙi. Sai wasu ƙananan jakunkuna suka fito a cikinsa, daga baya har a huhu. Aka koma ƙwayoyi, aka sake aiki, ya ajiye tuƙi, ya rame har yaransa suna tsoron hawa cinyarsa. Lokacin da gari ya cika da tarukan ƙaddamar da shari'a, ni a barandar asibiti nake wuni. A wannan tsakanin Allah ya karɓi abinsa.

Na san kwana ne ya ƙare, amma abin da ke cina shi ne ciwon nan an gano shi da wuri, magani yana aljihunsa. Don haka nake roƙon masu kiwo da mahauta, hanta ko huhun da kuka ga yana da ƙurajen ruwa kada ku jefa wa karnuka, ta nan suke ɗaukar tsutsar, ku ƙone shi ko ku binne. A wanke hannu, a wanke ganye, a tsare ruwan sha. Ba kowane kumburi ne ake hudawa ba. Kuma in likita ya faɗi inda ciwo ya fito, ba mutuncinku yake taɓawa ba. Manya kuma ku ji tsoron Allah kan waɗanda ba sa iya yi muku musu.

Ni dai ina takaba, a bayan labule, na ji Yaya yana gaya wa masu ta'aziyya cewa wuƙar asibiti ce ta kashe ƙanensa, kuma matarsa ce ta kai shi. Har yau haka ake ba da labarin a gidansu, kuma haka yarana suke ji in sun je hutu.