Ni na yi wa mahaifiyata wanka

Shekarun baya, bayan na ci bak, jarrabawar gama sakandare, na samu gurbi a wata 'yar jami'a ta addini. Ƙarama ce ƙwarai, har mai gadi ya san wanda bai fito sallar asuba ba. Ni kuwa buri ɗaya ya kai ni: in samu digirin lisansi, in zauna a buro, wato ofis, mai sanyi, mutanen ƙauyenmu na wajen Dogo-Dogo su riƙa ce mini madam. Sai na tarar su a can ba takarda kaɗai suka sa a gaba ba. Da safe aji, da yamma lambu, ranar Alhamis kuma akwai abin da suke kira darasin zaman duniya, inda ake koya mana jinyar mara lafiya, da sasanta masu faɗa, kai har da wankan gawa.

Ranar da aka zo kan wankan gawa, malamarmu, wata dattijuwa mai sanyin murya, ta shimfiɗa tabarma ta kwantar da wata 'yar tsana ta tsumma mai tsawon mutum. Ni da ko mushen kaza ba na iya kallo, sai na zame layin baya na ja mayafi har hanci. Ai kuwa kamar ni take nema.

"Ke mai ɓuya, taso ki fara."

Na ɗauki buta a tsorace, rabin ruwan a ƙafar malama ya ƙare. Aji ya kwashe da dariya. Ta jira aka yi shiru, sannan ta kama hannuna ta tura shi ƙarƙashin zanen da ta rufe 'yar tsanar da shi. Ta ce a nan hannu yake aiki, a ɓoye, kuma duk abin da mai wanka ta gani ko ta taɓa, tare da mamaciyar ake binne shi. "Zuba ruwa kowa ya iya," in ji ta. "Riƙe baki shi ne aikin."

Da na koma gida hutu, na mayar da abin labarin ban dariya. Ina ba ƙannena a tsakar gida, har da kwaikwayon yadda na jiƙa malama, mahaifiyata tana gefe tana bakace. Ba ta tanka ba, ni ma ban sa ran ta tanka ba. Ni ce ɗiyar fari, akwai kunya tsakaninmu. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ma cin abinci a kwano ɗaya, ko ɗankwalinta ne ya zame in ina wurin sai ta juya baya ta gyara.

A unguwarmu kuwa gwaggona, yayar mahaifina, ita ke wa mata wanka. Mace ce mai kirki, ba a taɓa kiranta ta ƙi zuwa ba. Matsalarta baki. A zaman makoki za ka ji ta tana cewa ai wance ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta, wance kuma gawarta ta yi nauyi, Allah dai ya sa mu cika da imani. Ba da mugunta take yi ba, amma kafin sadakar uku maganar ta kai kasuwa.

Ana jibi zan koma makaranta, mahaifiyata ta ce, "Ke, zo ki kama mini." Na bi ta bayan rumbu inda ta baza wake. Muka tsuguna muna tsince tsakuwa. Can, ba tare da ta dube ni ba, ta ce, "Wannan abin da kika ce an koya muku. Da gaske ba a faɗi?"

"Ba a faɗi, Inna."

"Ko ga dangi?"

"Ko ga kowa."

Ta daɗe tana juya waken da tafin hannu. "To in tawa ta zo, ke nake so. Kar ki bari a buɗe ni."

Na yi 'yar dariya don in kashe maganar, na ce ai sai ta ga jikokin jikokinta. Ta ce, "Na dai faɗa miki." Ranar na lura da hannun hagu kaɗai take ɗaga ƙwarya, amma na ɗauka gajiyar daka ce.

Bayan kaka, wata safiya muna cikin aji, mahaifina ya kira ni a waya. Ya ce mahaifiyata ta faɗi a bakin rijiya, kafin a ɗaure amalanke a kai ta gidan likita ta cika. Ban san lokacin da na fito waje ba. Abin da na fara faɗi, tun kafin in yi salati, shi ne, "Baba, kar a taɓa ta sai na zo."

"Wane irin kar a taɓa ta? Mutane sun taru, an tafi haƙa."

"Ita ta bar mini wasiyya, Baba. Don Allah."

Ya ce zai riƙe su zuwa la'asar, in na wuce haka ba shi da bakin magana.

Ƙawata ce ta kai ni tasha ta sa ni a mota. Daga Magarya na hau wata zuwa Dungas, daga nan kuma moto, wato babur, cikin rairayi. Duk hanya rana nake kallo. Ko kuka ban samu yi ba, tsoro ya cika wurin.

Na shiga gida ana kiran la'asar. Gwaggo tana bakin ɗaki, ta ci ɗamara, ruwa da ganyen magarya a gabanta. Na durƙusa na gaishe ta, na ce ni zan yi.

"Ke? Budurwa, kuma ɗiyar fari? Haka ake koya muku a iniversiten, ki tuɓe uwarki?"

Matan da ke tsakar gida duk suka juyo. Ni da na haddace hujjoji iri-iri a kan hanya, ko ɗaya ban tuna ba. Na ce, "Gwaggo, ba iyawa na fi ki ba, a kan tsumma na koya. Ita ta roƙe ni."

Ta dube ni ta daɗe. Ina jin ta gane dalilin, don na ga fuskarta ta canza, kuma har yau in na tuna ina jin tausayinta. Ta ɗauki buta ta ce, "Mutum ɗaya ba ya wanka. Shiga. Ni zan zuba miki ruwa."

Haka muka yi. Ta zauna ta wajen kai, ta juya fuskarta ga bango, in na ce zuba ta miƙo hannu ta zuba. Na tsefe wa mahaifiyata kitso, karo na farko a rayuwata da na taɓa gashinta. Na tura hannu ƙarƙashin zane yadda aka nuna mini. A nan na san ciwon da take ɗauke da shi a ɓoye, na kuma san ba na wata ɗaya ba ne, ba na shekara ɗaya ba. Da shi ta yi daka, da shi ta ja guga. Na cije mayafina don kada Gwaggo ta ji. Ta ji, amma ba ta waiwayo ba.

A zaman makoki wata maƙwabciya ta matso kusa da Gwaggo ta ce, "Yaya kika ga jikin nata?" Gwaggo ta ce, "Ni ruwa na zuba," ta ci gaba da jan carbinta.

Na gama karatu, na samu buron da nake so, sanyin ma har ya ishe ni. Abubuwa da yawa da na rubuta a jarrabawa sun bi iska, amma darasin Alhamis ɗin nan yana hannuna, kuma yanzu in an yi rasuwar mace a unguwar da nake, ni ake buga wa ƙofa. Ina yi wa malamar nan addu'a kullum. Sai dai akwai abin da ba ta gaya mana ba, wataƙila don ba ya koyuwa a kan tabarma: wanda ya rufa wa mamaci asiri shi kaɗai zai ɗauki nauyinsa. Ƙannena suna kewar uwar da ta tafi farat ɗaya. Ni tawa kewar daban ce, kuma ba ni da wanda zan raba ta da shi.

Mahaifina ya tsufa yanzu. Duk sanda na je gida hira ta biyo ta kan mahaifiyata, sai ya girgiza kai ya ce, "Allah ya yi wa uwarku gata. Ko kwana ɗaya ba ta yi jinya ba."

Ni kuma in ce, "Haka ne, Baba," in tashi in je in duba tukunya.