Muryar Hadiza a Cikin Kwamfuta

Jama'a, yau kwamfuta ta yi mini magana!

Kun san ni kaɗai ke kula da ɗakin kwamfuta a firamarenmu ta Rawayau. Ɗazu hedimasta ya ce, "Malam Sani, goge sunayen yaran da suka bar gari daga manhajar karatu, wuri ya cika."

Aka tashi, malamai suka hau babura sai Dutsin-Ma. Na rage ni ɗaya. Na kunna kwamfutar da ke lungu. Ina taɓa wani suna, sai murya ta cika ɗakin: "Ba, bi, bu... Malam, ka ji na iya?"

Wallahi sai da na waiga ƙofa! Hadiza ce, 'yar aji biyu. Ashe ta naɗi muryarta ban sani ba. Tun bara iyayenta suka yi ƙaura saboda rashin tsaro, ba wanda ya san inda suka sauka.

Na kira hedimasta a waya. "Ranka ya daɗe, wannan kam ba zan iya gogewa ba." Na kunna masa. Da ya ji muryar, ya ce, "Bar ta."

Na sake kunnawa, ta sake tambayata. Na ce, "Na ji, Hadiza. Kin iya."